Yadda Za Ka Daina Ba Ubangiji Ragowar Lokacinka

Ƙaramar 'yata ce ta tona mini asiri, lokacin tana da shekara shida. Muna zaune wata ranar Asabar da yamma sai ta ce, "Baba, me ya sa in kana addu'a da dare ba ka kaiwa amin?" Uwarta ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ni kuwa tawa dariyar a wuya ta tsaya. Yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Nakan durƙusa a bakin gado in fara godiya, kafin in kai ga roƙon gafara barci ya yi awon gaba da ni, sai can tsakar dare in farka gwiwoyina sun sage.

A wannan lokacin ni ne sakataren kwamitin ikkilisiyarmu, ni ke koyar da ajin matasa ranar Lahadi, kuma da wuya a yi taro ba a ga fuskata ba. Da ka tare ni ka ce wa ke gaba a rayuwarka, ba zan yi inda-inda ba, zan ce Allah. Amma abin da yake samu daga wurina shi ne abin da ya rage bayan asibiti ya ɗebi nasa, waya ta ɗebi nata, taro ya ɗebi nasa. Ni ma'aikacin jinya ne, yau ina aikin safe, jibi na dare, don haka uzuri bai taɓa yi mini wuyar samu ba.

Akwai wata tambaya a Malakai 1:8 da ta dace da ni a lokacin. Mutanen suna kawo hadaya, ba su daina ba, sai dai makauniyar dabba da gurguwa da mai ciwo suke zaɓowa daga garke. Ubangiji ya ce musu su gwada kai wa gwamnansu irin wannan su gani ko zai karɓa. Ni ban taɓa zuwa gaban shugaban sashenmu ina gyangyaɗi ba.

Abin da zan faɗa a nan shi ne hanyar da na bi na gyara, da wuraren da na yi tuntuɓe. Amma kafin nan, a dubi inda maganar sa Allah gaba take. A Matiyu 6:33 Yesu ya ce a fara neman Mulkin Allah da adalcinsa. In ka koma ayoyin da ke gabanta, ba zancen sata ko zina yake yi ba. Zancen ci da sha da sutura yake yi, abubuwan da shi kansa ya ce Uba ya san muna bukata. Ke nan yawancin abin da ke ture Allah gefe a rayuwar mai bi halal ne, wuri kawai ya ƙwace wanda ba nasa ba. Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka wanda ya rasu a shekara ta 430, ya koyar da cewa adalcin mutum yana cikin jera ƙaunarsa daidai, kada ya ƙaunaci ƙaramin abu fiye da babba. Aikin da ke gabanmu ke nan, aikin jeri.

Fara da takarda, ba da alkawari ba

Kada ka soma da cewa daga gobe zan riƙa tashi ƙarfe huɗu. Na yi wannan alkawari ya fi sau goma, bai taɓa wuce kwana biyar ba. Ɗauki takarda ɗaya ka raba ta gida uku, ka yi kwana bakwai kana rubutu ba tare da ka canza komai a halinka ba. Gida na farko, inda lokacinka ya tafi. Mako yana da awa 168, ka nemo su. Yawancin wayoyin yanzu suna ƙirga wa mutum awannin da ya yi yana kallonsu, ka buɗe wurin ka kwafe lambar yadda take. Gida na biyu, inda kuɗinka ya tafi, da abin da ka fara biya. Gida na uku shi ne mai zafin: duk lokacin da abu biyu suka yi karo a mako, rubuta wanda ka ɗaga da wanda ka bari a wurinsa.

Tawa takardar ta nuna awa 19 a kan waya, awa bakwai a tarurrukan ikkilisiya ban da sujadar Lahadi, addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki ni kaɗai kuwa ba su cika awa ɗaya ba. A gida na uku na ga abin da ya fi ba ni kunya. Sau shida aka yi karo a makon, kuma sau shidan lokacin addu'a ne ya matsa. Ko sau ɗaya ban ɗaga kallon ƙwallo ba. Abin da ba ka yarda a taɓa shi in an yi karo, shi ne na farko a wurinka, ko me bakinka ke faɗa ranar Lahadi.

In kana da aure, nuna wa matarka takardar. Tawa ta ƙara mini abubuwa biyu da na "manta" ban rubuta ba.

Lokacin da za ka keɓe

An ce da sanyin safiya ake kama fara, kuma Littafi yana bayan wannan magana. Markus 1:35 ya nuna Yesu ya tashi tun da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa ya yi addu'a, alhali daren jiya duk garin ya taru a ƙofar gidan da ya sauka. Manna ma a Fitowa 16 kowace safiya ake tattara ta, in rana ta yi zafi sai ta narke. Ga mafi yawan mutane, in safiya ta kuɓuce, ranar ta kuɓuce.

Sai dai ni nan na daɗe ina jin laifin da ba nawa ba. Mutumin da ya sauka daga aikin dare ƙarfe takwas na safe, idonsa kamar an zuba yashi, in ka ce masa dole sai asuba ne lokacin Allah, ka ɗora masa kayan da Yesu bai ɗora masa ba. Mai jego da jariri ke tashinta sau huɗu a dare ma haka. Abin da ake nema shi ne lokacin da hankalinka yake jikinka. Saboda haka na daina ɗaure addu'ata da agogo, na ɗaure ta da farkawa. Ko ƙarfe biyar na asuba na tashi, ko ƙarfe biyu na rana bayan aikin dare, abin da ke biyo bayan wanke fuska shi ne kujerar nan da ke kusa da taga. Ka nemi wani abu da kake yi kullum ba fashi, ka jingina lokacinka da Allah a bayansa. Agogo yana canzawa da yanayin aiki, wanke fuska ba ya canzawa.

Fara da minti goma sha biyar. Yini yana da minti 1,440, ke nan abin da nake cewa kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari. Na san wani zai ce wannan ai raini ne. To, minti goma sha biyar da ake yi kullum sun fi awa biyu da ake yi sau ɗaya bayan wa'azi mai zafi. In tushen ya kama, da kansa lokacin zai faɗaɗa. Nawa ya kai wajen minti arba'in a ranakun da ba na sauri, ban kuma taɓa zama na yanke shawarar ƙarawa ba.

Waya kada ta kwana kusa da kai. Wannan ita ce shawarar da mutane suka fi ƙi, kuma ita ce ta fi aiki. Na sayi ƙaramin agogo mai ƙararrawa, wayar kuma take kwana a falo. Ina da Littafi Mai Tsarki a wayar, ina amfani da shi a wurin aiki, amma da safe na takarda nake buɗewa, don na lura in na ɗauki waya da niyyar karanta Zabura, saƙo ɗaya zai faɗo daga sama, shi ke nan an tafi da ni. Tun da dare nake buɗe Littafin a surar da zan karanta in bar shi a kan kujera da biro a tsakiya. Mutum mai magagin barci ba ya son yanke shawara, don haka ka yanke masa tun jiya.

Me za ka yi a cikin mintocin? Ga yadda nake yi. Sura ɗaya nake karantawa. Littafi Mai Tsarki yana da sura 1,189, wanda yake so ya gama shi a shekara sai ya riƙa karanta uku zuwa huɗu a rana, kuma abu ne mai kyau, amma ban ba mai farawa wannan shawara ba, domin yawanci a tsakiyar Littafin Firistoci ake zubar da kaya. Sabon Alkawari sura 260 ne. In kana karanta ɗaya a rana, kwana biyar a mako, mako 52 za su kai ka ƙarshensa cif, kuma kana da kwana biyu kowane mako na cike giɓi. Fara da Markus, sura 16 ne kawai, labarin kuma gudu yake yi. Bayan karatun, rubuta layi ɗaya tak: abin da surar ta ce game da Allah, ko abin da ta ce in yi yau. In ba ka iya rubuta layi ɗaya ba, idonka ne ya bi shafin, sake karantawa.

Addu'ar kuma, bi jerin da Yesu ya koyar a Matiyu 6:9-13. Ka lura roƙo uku na farko duk na Allah ne: sunansa, Mulkinsa, nufinsa. Bayan su ne abincin yau ya shigo, da gafara, da tsari daga Mugun. Shekara da shekaru ina farawa daga abincin yau, a nan kuma nake ƙarewa. Da na soma bin jerin, sai na ga wasu roƙe-roƙen nawa suna sauya kama kafin in iso gare su, wasu ma kunya ke hana ni faɗarsu bayan na gama cewa a aikata nufinka. Yi addu'ar da murya ko da ƙasa-ƙasa ne. In barci na fizgarka, miƙe tsaye ka yi tana tafiya. Ba inda aka ce sai a durƙushe Allah yake ji. Ajiye 'yar takarda a gefe, duk tunanin da ya faɗo, kuɗin makaranta ne ko wanda za ka kira, rubuta shi ka koma. Da zarar zuciya ta ga an rubuta, takan sake ka.

Ranar da ka yi fashi, kada ka mai da shi bashi. Na taɓa tara sura goma sha ɗaya a kaina, nauyinsu ya sa na yi wata guda ban buɗe Littafin ba. Ci gaba daga inda ka tsaya, ko da mako biyu ka yi.

Kuɗi

Annabi Haggai ya yi magana a shekara ta biyu ta sarautar Dariyus, wato 520 kafin haihuwar Almasihu. Mutanen da suka komo daga bauta a Babila sun kafa harsashin Haikali, aikin ya tsaya shekaru da yawa, su kuma suka shiga gyaran gidajensu. Ba su ce ba za su gina ba. Cewa suka yi lokaci bai yi ba tukuna. Wannan "tukuna" ɗin na san ta sarai, da ita na yi shekaru ina cewa bari in gama biyan wannan, bari a ƙara albashi. Haggai ya kwatanta su da mai zuba ladan aikinsa a jaka mai huji. Abin da ke burge ni a labarin shi ne saurin juyowarsu: ran ɗaya ga wata na shida ya yi magana, ran ashirin da huɗu ga watan suka kama aiki.

Hanyar a nan gajeruwa ce. Ranar da kuɗi ya shigo hannunka, a ranar za ka ware abin da ka ƙudura na Ubangiji, kafin ka biya komai. Bulus ya gaya wa Korantiyawa su riƙa ware wani abu a ranar farko ta kowane mako gwargwadon samunsu, Karin Magana 3:9 kuma ta yi zancen nunan fari. Masu bi sun sha bamban a kan ko zakar kashi ɗaya cikin goma doka ce a Sabon Alkawari, ba ni zan raba wannan gardama ba. Ka zauna da matarka ku tsai da adadi da zuciya ɗaya, ba da cicije ba, yadda 2 Korantiyawa 9:7 ta ce, sa'an nan ku fitar da shi tun farko. Wanda ya jira ƙarshen wata ya ga abin da zai rage, ya riga ya san amsar.

Abu biyu zan ja kunne a kai. Na ɗaya, kada ka yi baiko da kuɗin mutane. In ka ci bashi ranar biya ta yi, ko akwai wanda ya yi maka aiki yana jiran haƙƙinsa, biyansa ma biyayya ce ga Allah. Na biyu, wannan ba ciniki ba ne. Abubuwan da Yesu ya ce za a ƙara mana su ne ci da sha da sutura, kuma Bulus da ya sa Allah gaba fiye da ni da kai ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya san ƙoshi ya san yunwa. Wanda ya ce maka zuba kaza ka kwashi ninki ɗari a wata mai zuwa, riƙe aljihunka.

Yanke hukunci kafin ranar karo

Daniyel bai fara addu'a sau uku a rana a daren da aka sa hannu a dokar sarki ba. Daniyel 6:10 ta ce ya yi yadda ya saba ne. Haka ma Eric Liddell, ɗan tseren nan na Sikotilan. Da aka sa zagayen share fage na tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Paris a 1924 ranar Lahadi, tun watanni kafin gasar ya ce ba zai yi ba, ya koma horon mita 400, kuma ya ci zinariya a nan. Shekara guda bayan haka ya tafi ƙasar Sin aikin bishara, can ya rasu a sansanin tsare mutane a 1945. Ba zinariyar ce ta sa na kawo shi ba, da bai ci ba ma shawararsa tana nan daram. Abin lura shi ne bai jira sai yana bakin fili zuciya na bugawa ba kafin ya tambayi kansa.

Ni ina aiki ranar Lahadi in jadawali ya faɗo a kaina, kuma lamirina bai taɓa damuna a kan haka ba. Mara lafiya ba ya jiran Litinin, Yesu ma ya tambayi masu zarginsa wane ne tunkiyarsa za ta faɗa rami ran Asabar ya bar ta. Amma akwai bambanci tsakanin Lahadin da aka sa ni da Lahadin da na nema don kuɗin ƙarin lokaci. Ta biyun ce na yanke wa hukunci: ba na karɓa. In kuma aiki ya hana ni sujadar safe, ina zuwa ta yamma ko taron addu'a na tsakiyar mako, ba na barin mako biyu su wuce ban zauna cikin 'yan'uwa ba.

Zauna a ranar da hankalinka ke kwance ka rubuta irin waɗannan, uku sun isa. Sa'an nan ka shirya amsar da za ka bayar, gajeruwa, ba wa'azi a ciki. Sau huɗu Sanballat da Geshem, maƙiyan Nehemiya mai sake gina garun Urushalima, suka aika masa ya sauko su gana, sau huɗu ya ba su amsa iri ɗaya, cewa yana kan babban aiki ba zai sauko ba, garun kuma ya ƙare cikin kwana 52. Tawa amsar ita ce, "Yi haƙuri, wannan lokacin na riga na ba da shi." Ba wanda ya taɓa tambayata wa na ba.

Hidimar ikkilisiya ba ita ce Allah ba

Nan ne na fi daɗewa a ɓace, don ɓatan yana kama da hanya. Awa bakwai ɗin nan na tarurruka, da su nake rufe bakin lamirina. Marta ma ai ba gidan rawa ta tafi ba, Yesu take wa hidima a cikin gidanta, amma shi ya ce mata tana damuwa da abubuwa da yawa, 'yar'uwarta Maryamu kuwa ta zaɓi rabo mai kyau. Manzanni da kansu, a Ayyukan Manzanni sura 6, da rabon abincin gwauraye ya nemi ya cinye su, sai suka sa aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu, su kuma suka tsaya kan addu'a da hidimar Maganar. Aikin bai zama ƙarami ba, hannun da ya dace aka ba.

Na je wurin wani dattijon ikkilisiyarmu, wanda nake kira Baba, na ce ina so in ajiye sakatarci. Ina zaton zai hana ni. Sai ya ce, "Ɗana, yaushe rabonka da ka yi addu'a tare da iyalinka?" Na yi shiru. Ya ce, "To ajiye. Mai rubuta rahoton taro ba zai gagare mu ba, amma uban 'ya'yanka kai kaɗai ne." Na riƙe ajin matasa, na saki sauran. An ɗan yi gunaguni na wata biyu, daga baya wani saurayi ya karɓi aikin, kuma gaskiya ya fi ni iyawa, abin da bai yi mini daɗi ba da farko.

Yesu ya tsawata wa waɗanda ke cewa abin da ya kamata su taimaki iyayensu da shi sun riga sun keɓe wa Allah, yana nan a Markus 7. Bulus kuma ya gaya wa Timoti cewa wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya musunci bangaskiya. Don haka in "Allah ne farko" ya zama hujjar barin matarka da ɗawainiya ita kaɗai, ko barin tsohuwarka ba magani, ba Allah ka sa gaba ba, sunanka a bakin mutane ka sa.

Addu'ar iyali da muka soma ba ta wuce minti goma. Yaro ɗaya ya karanta 'yan ayoyi, kowa ya faɗi abu ɗaya na godiya da abu ɗaya na roƙo, mu yi waƙa ɗaya. Na taɓa gwada mai da ita wa'azi, matata ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur.

A wurin aiki

Yawancin awanninka a wurin neman abinci suke, in Allah ba ya nan, to minti goma sha biyar ɗin safe ado ne kawai. Akwai wani ɗan zuhudu a Paris da aka sani da Ɗan'uwa Lawrence, ya rasu a 1691, shekaru ya yi yana aikin kicin a gidan zuhudunsu, abin da aka san shi da shi kuma shi ne zance da Allah a tsakiyar tukwane. Ni tukwanena famfon wanke hannu ne. Ma'aikacin jinya yana wanke hannu sau da yawa a yini, kuma wanki mai kyau da sabulu yana cin daƙiƙa arba'in zuwa sittin. Na mai da wannan lokacin na yi wa mara lafiyan da zan taɓa addu'a, da sunansa, a zuciyata. Kai ma akwai irin wannan a sana'arka: kunna mota, buɗe kwamfuta, sa zare a allura.

Amma ayar ta ce Mulkinsa da adalcinsa, kuma adalcin a nan yake fitowa. Ƙarfe uku na dare, gajiya ta kai maka ko'ina, akwai awon jinin da ya kamata ka yi, mara lafiya yana barci, ba mai ganinka. Rubuta lamba mai kama da ta ɗazu ba zai ɗauke ka daƙiƙa biyar ba. Na taɓa yi, sau ɗaya, shekaru da suka wuce, kuma ba abin da ya sami mutumin, amma har yau ina tuna lambar gadon. Wanda ya yi addu'a da asuba ya rubuta ƙarya da dare, taura biyu yake so ya tauna. Ka san irin wannan wuri a naka aikin, ba sai na faɗa maka ba. Sa shi cikin abubuwa ukun da za ka yanke wa hukunci tun da wuri.

"Fara" ɗin da ba a so

Akwai wani wurin da Yesu ya ce a fara, wanda ba a cika rubuta shi a jikin bango ba. Matiyu 5:23-24: in kana miƙa baiko a bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, bar baikon a nan, ka fara zuwa ku shirya, sa'an nan ka dawo. Wato akwai ranar da sa Allah gaba yana nufin ka katse ibada ka je ka ƙwanƙwasa ƙofar mutum.

Wata uku da fara sabon tsarina, ina jin daɗin kaina, surori suna tafiya, sai na iso wannan wurin. Shekara biyu ke nan ba ma magana da yayana a kan wata magana da na faɗa masa a gaban mutane. A ganina shi ya fara, har yanzu ma ina ganin haka. Amma ayar ba ta tambayi wanda ya fara ba, cewa ta yi in yana da magana a kanka. Layin da na rubuta a ranar shi ne sunansa. Na yi kwana tara ina buɗe littafin rubutuna ina ganin sunan, addu'a kuma ta ƙi tafiya, kamar mai tauna tsakuwa. A rana ta goma na je. Na ce, "Yaya, na zo ne a kan abin da na faɗa, ban kyauta ba, ka yafe mini." Ban ƙara da "amma kai ma" ba, ko da yake tana bakina. Bai rungume ni ba, cewa ya yi ya ji. Sai da aka ƙara wata huɗu kafin ya kira ni da kansa.

In kana da irin wannan, kada ka jira sai ka ji zuciyarka ta yi laushi. Sa rana, gaya wa mutum ɗaya amintacce ranar don ya tambaye ka, ka je ka faɗi naka laifin kawai.

Takardar nan mai gida uku har yanzu ina cika ta, mako ɗaya a kowane wata uku, domin abubuwa suna komawa tsohon wurinsu a hankali ba tare da sallama ba. Wadda na cika a watan jiya ta nuna wayar ta sake hawa zuwa awa 14, yawanci labarai nake bi kafin barci, kuma sau biyu na tsallake addu'ar iyali don na dawo a gajiye. 'Yar tawa, wadda yanzu ta kai sha huɗu, ita na ba aikin karɓar wayar ƙarfe tara na dare ta kai falo. Jiya ta zo tana miƙo hannu ina tsakiyar karanta wani abu, na ce ta ba ni minti biyar, ta ce, "Baba, kai ka ce ko ka roƙa kada in yarda."